Ƙuri'ata tana sauke shugaban ƙasa, amma ta kasa yashe kwatar unguwarmu

Ranar Asabar, 7 ga Disamba 2024, da na idar da sallar asuba ban koma gida ba, sai na zarce rumfar zaɓen unguwarmu a Maamobi da ke Akra, babban birnin Gana, na tarar wasu sun riga ni tun cikin dare, sun jera duwatsu da kujerun roba don kama layi. Layin ya miƙe ne a gefen babbar kwatar nan da ta raba mu da Nima, saboda haka sa'o'i ukun da muka yi a tsaye warinta muka yi ta shaƙa, muna kallon ledojin fiyawata da robobi da tsummoki sun cushe a ƙarƙashin 'yar gadar da yaranmu ke bi zuwa makaranta. Wani dattijo da ke gabana, wanda na sani tun ina yaron shago ina koyon ɗinki, ya nuna kwatar da sandarsa ya ce mini, "Malam, tun zamanin Rawlings nake tsayuwa a wurin nan duk bayan shekara huɗu, ita kuwa ko gezau." Ban ce masa komai ba, domin lissafin da nake yi a zuciyata ke nan. Wannan ne babban zaɓe na tara da na jefa ƙuri'a a cikinsa tun 1992, ban da zagaye na biyu da aka yi a 2000 da 2008, kuma ban taɓa fashi ba ko sau ɗaya.

Ba na cikin masu cewa zaɓe aikin banza ne. Sau huɗu ke nan mulkin Gana yana fita daga hannun wata jam'iyya ya koma hannun abokiyar hamayyarta ba tare da an fito da motar yaƙi kan titi ba, wato a 2001 da 2009 da 2017 da kuma 2025. A zaɓen 2008 ratar da ke tsakanin Atta Mills da Akufo-Addo ba ta wuce ƙuri'a dubu 40 da 'yan kai ba, har sai da aka jira mazaɓar Tain ita kaɗai ta yi nata zaɓen kafin a bayyana sakamako, kuma wanda ya faɗi ya haƙura. A 2024 ma, tun hukumar zaɓe ba ta gama tattara alƙaluma ba, Dakta Mahamudu Bawumia ya fito da safiyar Lahadi ya amince cewa John Mahama ya kayar da shi. Mahaifina ya ga juyin mulkin 1966 da na 1972 da na 1979 da na 1981, ya ga lokacin da soja ke shimfiɗe matan kasuwa yana zane su da bulala a kan farashin kaya, kuma har ya koma ga Allah bai yarda a yabi mulkin bindiga a gabansa ba. Idan na ji samarinmu a wurin shan ataya suna sha'awar abin da ke faruwa a Burkina Faso ko Mali, shi nake tunawa, in ce musu su bi a sannu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Ƙuri'ar nan tawa tana da ƙarfin fitar da shugaban ƙasa daga Jubilee House, fadar da ake iya takawa da ƙafa daga ƙofar shagona, amma fiye da shekara talatin ke nan ta kasa sa a riƙa yashe kwata guda ɗaya a kan kari.

Wanda ba ya zaune a Zango, wato unguwannin Musulmi irin tamu, zai ɗauka maganar kwata ƙaramar magana ce, ba ta kai a kira ta siyasar ƙasa ba. Ruwan da ke bi ta cikinta gangarawa yake yi ya haɗu da kogin Odaw a wajen Circle, babbar mahadar titunan birnin, kuma duk mazaunin Akra ya san abin da ya faru a can daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, mutum fiye da 150 suka halaka, da yawansu fakewa kawai suka yi daga ruwan sama a hanyarsu ta komawa gida. A wannan daren mu a nan kwalfar ruwa muke yi da bokiti daga cikin ɗaki. Uwargida ta ɗora yara a kan tebur, ni kuma ina cikin shago, wanda a jikin gidan yake, ruwa ya kawo mini gwiwa, ina ɗaga shaddodin mutane ina ratayewa a ƙusoshin bango da fitilar waya a bakina. Da gari ya waye muka ji labarin Circle, sai muka ji kunyar kukan tamu asarar. An yi zaman makoki na kwana uku, an ɗauki alkawura. A 2017 sabon shugaba Akufo-Addo ya ce zai mayar da Akra birnin da ya fi kowanne tsafta a Afirka, ya kafa ma'aikata guda don tsafta da ruwa, kuma a 2019 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 200 don gyaran magudanan yankin Odaw. Ban ce ba a yi komai ba. An zuba kankare a wasu sassa, kuma akan kawo motar haƙa jefi-jefi ta kwashe yashi da bola, sai dai sau da yawa a bakin kwatar ake tara abin da aka kwaso, ya yi kwanaki a nan, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Har yau idan hadari ya haɗu da dare ba mai barci a layinmu. Sau uku ina ƙara wa dokin ƙofar gidanmu tsawo da bulo da siminti, har ya kai ga tsohuwarmu ba ta iya tsallake shi sai an riƙe mata hannu.

Tambayar da na daɗe ina yi wa kaina ita ce, idan ruwa ya shiga ɗakina, wane ne zan je in tsaya a gabansa in ce masa ya gaza, shi kuma ya ji tsoron maganata? Manyan magudanai suna hannun gwamnatin tsakiya, kwashe bola da tsaftar unguwa da ƙananan kwatoci kuma aikin majalisar gunduma ne, saboda haka idan bola ta toshe babbar kwata kowane ɓangare yana da wanda zai nuna da yatsa. Akwai irin waɗannan majalisu 261 a ƙasar nan, kuma shugaban kowace ɗaya, wanda kuɗi da kwangila ke bi ta teburinsa, ba mu muke zaɓensa ba. Tsarin mulkin 1992 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa shi, 'yan majalisar su amince da kashi biyu cikin uku, alhali kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan majalisar su ma shugaban ƙasa ne ke naɗa su, kuma duk ranar da ya ga dama yana iya sauke mutumin. Wanda aka ba kujera ta wannan hanya, dole idonsa ya kasance a kan fadar da ta ba shi da shugabannin jam'iyyar da suka kai sunansa, domin su ne ke iya raba shi da ita. Wanda muke zaɓa da hannunmu shi ne asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, maƙwabcinmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kuma shi muke buga wa ƙofa da tsakar dare muna zagi idan ruwa ya ci mu, bayan mun san ba shi da kuɗin hayar motar bola ko ta yini ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki. Shi ya sa ranar zaɓen majalisun gunduma, kamar wanda aka yi a Disamba 2023, rumfar da muke cikawa tun asuba takan zama wayam, ko rabin masu rajista ba sa fitowa, domin mutane sun gane cewa wanda za su zaɓa ba shi da iko, mai ikon kuma ba a tambayarsu game da shi.

Manyan jam'iyyun biyu, NPP da NDC, duk sun san da wannan, kuma duk sun taɓa alkawarin gyara shi. Hukumar da Atta Mills ya kafa a 2010 ta zaga ƙasa tana jin ra'ayin jama'a a kan tsarin mulki, ta miƙa rahotonta a 2011. An sa ranar 17 ga Disamba 2019 don ƙuri'ar raba gardama a kan shigar jam'iyyu zaɓen gundumomi, saura kamar mako biyu aka soke ta saboda NPP da NDC sun kasa daidaitawa, kuma tare da ita aka janye gyaran da zai ba mu damar zaɓen shugaban gunduma. A 2025 an sake kafa wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Kwasi Prempeh. Ina yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya, amma na lura cewa kowace jam'iyya tana ƙaunar wannan gyara ne lokacin da take adawa. Da zarar ta hau, sai ta ga kujeru 261 da za ta raba wa waɗanda suka yi mata wahala, sai maganar ta yi sanyi.

Tun da ba mu da mai kamawa a gunduma, sai muka tattara buƙatunmu duka muka ɗora wa ɗan majalisar dokoki, muka mayar da shi abin da ba shi ne aikinsa ba. Aikinsa yin doka ne da sa ido a kan yadda gwamnati ke kashe kuɗi. To amma tsarin mulkin ya ce yawancin ministoci daga cikin majalisa za a ɗauko su, saboda haka ɗan majalisar jam'iyya mai mulki yana kallon kujerar minista, kuma ba zai tsananta wa wanda yake fatan ya naɗa shi ba. Kafin ma sunansa ya zo gabanmu, wakilan jam'iyya 'yan ɗaruruwa ne suka tsayar da shi, kuma ba wanda bai san abin da ake kashewa a wannan mataki ba. Mu kuma da sassafe muna layi a ƙofar gidansa, wannan kuɗin makaranta, wancan kuɗin asibiti, wani ragon suna, wani kujerar Makka. Ni ma na taɓa tsayawa a irin wannan layi, a ƙofar wani ɗan siyasa, shekarar da aka yi wa uwargida aiki, kuma ya ba ni ambulan da ya rufa mini asiri, Allah ya saka masa. Bayan wata biyu ya zo taro a unguwarmu, na je da maganar kwata a bakina, har na rubuta ta a takarda na sa a aljihu. Da ya hango ni ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya jikin Hajiya?" sai na ji harshena ya yi nauyi, na amsa gaisuwa na koma na zauna, takardar ba ta fito ba. A ranar na fahimci abin da ambulan ke saye. Ya biya mini buƙatar mako ɗaya, ni kuma na biya shi da shirun shekara huɗu, kuma idan aka tara irina dubu a mazaɓa guda, an gama da mazaɓar.

A kan tattalin arziki kuwa, na ɗanɗani hannun kowanne. A 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya kai maƙura, jadawalin wuta sa'a 24 babu ne, sa'a 12 akwai, kuma tela ya san abin da wannan ke nufi idan Sallah ta ƙarato, kayan mutane sun cika shago, injin sirfani yana zaune, kuɗin man janareta yana cinye ladan ɗinkin. Mun fusata, ƙasa ta canza gwamnati a 2016. Bayan shekara shida sai muka ga abin da ya fi wancan. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14, kuma a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Zare da zif da shafi da allura duk daga waje ake kawo su, sai ya zama kuɗin da na faɗa wa mai kaya ranar Litinin ba ya sayen kayan haɗin ranar Juma'a. A cikin wannan hali aka ɗora harajin E-Levy a kan kuɗin da muke turawa ta waya, wato MoMo, harajin da 'yan majalisa suka ba hammata iska a kansa a zauren majalisa a Disamba 2021, duniya tana kallo. Ƙasa ta kasa biyan bashinta, ta koma wurin IMF karo na 17 ta karɓi dala biliyan 3, kuma a Fabrairu 2023 muka ga tsofaffi 'yan fansho zaune a ƙofar ma'aikatar kuɗi suna roƙon a bar musu ajiyarsu, har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo a cikinsu. Gaskiya ce a 2025 an soke E-Levy, sidi ya farfaɗo, farashi ya lafa, kuma na yaba, ko da yake a shekarar ce aka ƙara sidi ɗaya a kan kowace litar mai don biyan bashin wutar lantarki. Damuwata ita ce ban ga abin da aka canza a tsarin ba wanda zai hana gwamnati ta sake buɗe bakin jaka a shekarar zaɓe ta bar mu da biya, kamar yadda aka saba.

Idan aka zo maganar dukiyar jama'a, kowace jam'iyya tana riƙe da littafin laifin ɗaya, tana karanta mana shi a rediyo tun safe. 'Yan NPP za su tuna maka da sidi miliyan 51 da aka biya ɗan kasuwa Alfred Woyome, wanda Kotun Ƙoli ta ce a 2014 ya mayar, da gidajen Saglemi da aka ciyo bashin dala miliyan 200 dominsu suka yi shekaru ciyawa na cinye su. 'Yan NDC kuma za su nuna maka ramin babbar majami'ar ƙasa da ya ci kusan dala miliyan 58, da ministar tsafta da ta yi murabus a 2023 bayan magana ta fito fili a kotu cewa ana tuhumar masu aikin gidanta da sace dala miliyan ɗaya da yuro dubu 300 daga cikin gidan. Dukansu suna da abin faɗa, kuma abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ba a cika gurfanar da babban mutum ba sai jam'iyyarsa ta faɗi, idan kuma ta dawo sai a janye ƙarar, kamar yadda aka janye ta Saglemi a farkon 2025. Haka galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. A 2017 shugaban ƙasa ya ce ya sa kujerarsa a kan yaƙi da shi, amma kogunan Pra da Offin da Ankobra da Birim suka koma kalar koko, 'yan adawa suka yi kamfe da wannan, suka hau, koguna suna nan yadda suke. A ranar 6 ga Agusta 2025 ministoci biyu da wasu mutum shida suka rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a hanyarsu ta zuwa Obuasi taro a kan wannan matsala, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan duka haƙuri. Ruwan da ake gurɓatawa bai san katin jam'iyyar mai shansa ba.

Mu mutanen Zango muna da namu ciwon a cikin wannan duka, kuma yana da tarihi. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, kuma a unguwanninmu abin ya fi faɗawa, aka raba dangi, aka sayar da gidaje a wulaƙance, wasu da aka haifa a nan suka tafi ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Kakata har ta rasu idan ta ambaci shekarar sai ta rage murya. Wannan tabo ne ya sa gidaje da yawa suka jingina da ɓangare ɗaya suka gadar wa 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba, domin har yau akwai saura. Da na raka 'yata wani ofishi neman wata takardar shaida, ma'aikacin ya dubi sunanta ya ce ta faɗi garinsu, ta ce Akra, ya ce yana nufin garinsu na asali, alhali kakan kakanta a nan aka binne shi. Sai da muka koma sau uku. To amma jingina ta dindindin tana da nata farashi. Jam'iyyar da ta tabbata ƙuri'arka tata ce ba ta da dalilin wahala a kanka, wadda ta fid da rai kuma ba za ta ɓata kuɗinta ba.

Da aka kafa ma'aikatar raya Zango da asusunta a 2017, na yi murna, na ce ko ba komai an ambaci sunanmu a kasafin kuɗi. An yi filayen ƙwallo masu ciyawar roba, an gyara wasu makarantu, an sa fitilun titi, sannan a 2021 aka rushe ma'aikatar. Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, Bawumia ma takwas, kuma Akufo-Addo kansa gidansa a Nima yake. Kusancin manya bai canza yadda ruwa ke bi ba. Laifi a nan har da namu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idan ɗan takara ya zo gaban sarakunanmu da limamanmu, me muke roƙa? Ragin kuɗin Hajji, ƙarin ranar hutun Sallah, buhunan shinkafa da sukari na azumi, tabarmin masallaci. Duk abubuwa ne masu kyau, kuma duk masu sauƙin bayarwa ne, shi ya sa ake ba mu da fara'a a gaban kyamara. Ban taɓa zama a taron da aka ce wa ɗan takara ya faɗi wata da shekarar da za a rufe kwata, da nawa za ta ci, da kuma wanda za a kama idan ba a yi ba. Ban ji an tambaye shi dalilin da ya sa dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma saurayin da zai yi aure a Nima sai ya tara na shekara biyu kafin a ba shi makullin ɗaki guda.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake amfani da 'ya'yanmu. Idan jam'iyya tana neman masu ƙirji da za su tsaya a bakin rumfa ko su raka akwati, Zango ake zuwa. Ɗan ƙanwata, yaro mai hankali da ya gama sakandare yana haya da babur, ya shigo shagona ana saura mako guda wani zaɓe, sanye da rigar jam'iyya, ya ce, "Kawu, Onarabul ya ce in aka ci zai sa ni a aikin tsaro." Na ce masa, "Ɗana, ka tambaye shi ina nasa 'ya'yan za su tsaya ranar." Ya yi dariya ya fita. Daren zaɓe aka kawo shi da ɗinki bakwai a ka, uwarsa tana kuka a tsakar gida, babur ɗin ma da ba nasa ba an farfasa shi. An ci zaɓen, lambar da yake kira ta daina shiga, mu muka haɗa kuɗin babur. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan harbe-harben zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairu 2019 an yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan daban siyasa, amma a zaɓen 2020 sai da aka rasa rayuka a Techiman da wasu wurare. Sunan da wannan aiki ke jawo mana kuwa shi ke bin yaranmu ko'ina. A Yuli 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai na Zangon Asawase ta Kumasi a Manso Nkwanta da sunan 'yan fashi ne, kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar hakan ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. Duk uban da ke da ɗa namiji a Zango ya ji wannan labari a jikinsa.

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma ba na neman a ba ni shi don ni ɗan Zango ne. Ina so in zaɓi shugaban gundumata da hannuna, in kuma iya sauke shi da hannuna, ko da tutar jam'iyya zai tsaya ko babu, wannan gardamar ba ta kai a hana ni haƙƙin gaba ɗaya saboda ita ba. Ina so kason da tsarin mulki ya ware wa gundumomi, wanda bai gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba, ya riƙa isa a kan lokaci, a manna lissafinsa a bangon da kowa zai karanta. Ina so limamanmu da sarakunanmu, waɗanda muke girmamawa, su karɓi baƙo da mutunci kamar yadda addini ya koyar, amma su bar mu mu yi masa tambaya kafin a shafa fatiha. Babban Limamin ƙasa Shaihu Usman Nuhu Sharubutu ya nuna wa ƙasar nan cewa ana iya zama da kowane shugaba ba tare da an zama na kowa ba, kuma da na ƙasa da shi za su riƙe wannan, da farashinmu ya tashi a idon masu neman ƙuri'a.

Kafin a kai ga wannan, akwai ɗan abin da ke hannunmu. Tun 2019 akwai dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga ofishin gwamnati, kuma ta ba ofishin kwana 14 ya amsa. Wani malamin makaranta a layinmu ne ya faɗa mana, mu da yawa ba mu taɓa jin labarinta ba. Ranar Juma'ar makon jiya, bayan an sauko daga masallaci, mu goma sha ɗaya muka zauna a shagona, har da dattijon nan mai sanda, da maƙwabciyata mai sayar da wake da shinkafa wadda ruwa ya taɓa tafiya da tukwanenta, da ɗan ƙanwata mai tabo a ka. A cikinmu akwai masu lema, alamar NDC, akwai masu giwa, alamar NPP, kuma mun yi sharaɗi tun farko cewa ba za a ambaci jam'iyya ba har a tashi. Muka rubuta tambayoyi huɗu: nawa aka ware don yashe kwatar a shekara uku da suka wuce, wa aka ba aikin, sau nawa aka yi shi, kuma yaushe za a yi na bana kafin ruwan Mayu da Yuni. Asambuliman ɗinmu ya karanta ya sa hannu tare da mu. Ranar Litinin ni da malamin muka kai takardar, magatakarda ya buga hatimi a kan kwafinmu ya rubuta kwanan wata, na dawo da shi na sa a aljihun keken ɗinki inda nake ajiye littafin awon mutane. Yau kwana na shida.